Babi na Bakwai: Hutun Jiki da Natsuwar Zuciya a Arewacin Zamfara

Tun daga shekarar 1929, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau ta zo ta tuƙe a Ƙaura Namoda, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu na wannan sashe, kuma babu buhun da ya taɓa shiga tarago face sai da ya fara hawa gadon bayan wani ɗan dako, bayan ya riga ya ci ƙarfin manomin da ya yini sunkuye a kansa damina guda. Mutanen da rayuwarsu ta ginu bisa irin wannan wahala, da masu noman shinkafa a fadamun Shinkafi, da makiyayan da ke bin gulbin Bunsuru ta wajen Zurmi, ba su jira wani ya zo ya sanar da su cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi ba. Sun daɗe da tanadar wa kansu hanyoyin sauke gajiya da kwantar da hankali, waɗansu gadon kakanni ne tun gabanin jihadi, waɗansu sun zo cikin littattafan malamai, waɗansu kuwa fatake da alhazai ne suka shigo da su daga Barno da Azbin da Makka. Irinsu ne likitocin zamani suke lissafawa cikin abubuwan da ke tallafa wa maganin asibiti, watau waɗanda ake yi tare da shi, ba a madadinsa ba. Wannan sharaɗi kuwa shi ne ginshiƙin babin nan, domin abin da ke sanyaya rai daban yake da abin da ke kashe cuta, ko da yake sau da yawa hannu ɗaya ne ke miƙo su.

Malaman ɗibbu na farko a Musulunci sun ƙidaya sababai shida waɗanda lafiya ke rataye da su, su ne iska, da ci da sha, da motsi da hutawa, da barci da farkawa, da abin da jiki ke riƙewa da wanda yake fitarwa, sa'an nan halayen rai kamar fushi da tsoro da baƙin ciki da farin ciki. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya raba littafinsa gida biyu, rabi domin maslahar jiki, rabi domin maslahar rai, ya kuma tsaya a kan cewa ɗayan ba ya ciwo ya bar ɗaya lafiya. Wannan ilmi bai tsaya a gabas ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki wuri guda; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta risala a kan ciwon basur da wata a kan ciwon ido, kuma da Bature Kilafatan ya ziyarce shi a shekarar 1824, a tafiyar da ta bi da shi ta Zurmi, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita wanda zai zo ya zauna a ƙasarsa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, saboda a yau akwai masu zaton cewa kishin maganin gargajiya ko na Musulunci yana nufin juya wa asibiti baya, alhali shugaban da ya fi kowa rubutu a kan ɗibbu a daular nan shi ne da kansa ya aika neman likita daga ƙetaren teku.

Mafi sauƙi cikin hanyoyin nan, kuma a ganina mafi albarka, ita ce tausa. Ba ta da kanti, ba ta da farashi, galibi ma ba a ɗauke ta magani ba. Tsohuwa ta dawo daga surfe ko daga itace, ta shimfiɗa tabarma bayan isha'i, ta kira jikanta da wasan da ke tsakaninsu: "Maigidana, zo ka tattaka mini bayan nan, in ba ka tukuici." Yaro ya dafa bango, ya hau yana takawa a hankali daga kafaɗa zuwa ƙugu, ita kuwa tana faɗa masa inda zai daɗa da inda zai sassauta, har barci ya ɗauke ta. Matar manomi ta narka man kaɗanya a tafin hannu ta murza wa mijinta sangali da ƙwauri. Ungozoma ta miƙar da gaɓoɓin jariri bayan wanka, ta shafe shi da mai. Ɗan dambe ya kwanta rubda-ciki abokansa su mammatsa masa dantse kafin a buga kalangu. Ibnu Sina ya ware wa tausa fasali cikin Alƙanun, ya bambanta mai ƙarfi da mai taushi, da wadda ake yi kafin motsa jiki da ta bayansa. Abin da binciken zamani ya tabbatar bai yi nisa da abin da tsohuwar nan ta sani ba: tausa tana sassauta naman da ya ɗaure, tana rage ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci, tana kuma saukar da fargaba ta jawo barci. Amma ban da matsawar da murzawar akwai wani abu wanda ma'auni ba ya kamawa, shi ne mutum ya san cewa wani ya ajiye aikinsa ya zauna dominsa. Iyakarta kuwa a fili take: ba a tausa ƙafar da ta kumbura gefe guda tana zafi, domin mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya, matsawa kuwa na iya tura shi huhu, ba a danna cikin mai juna biyu, ba a kuma murza inda ake shakkar karaya ko tsagewar ƙashi.

Daga tausa sai ƙaho, wanda shi kam sana'a ce mai sarauta, tun da kowane gari yana da Sarkin Askansa. Wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda ke tara mutane daga Isa da Sabon Birni har daga hayin Maraɗi, ya san rumfar wanzamai: zabira a rataye, ƙahonin shanu a jere cikin ƙwarya, magidanci ya tuɓe riga ya zauna ya ba da baya. Wanzami ya jiƙa wurin, ya kafa ƙahon ya zuƙe iskar da baki ta ƙaramar kafar da ke tsininsa, ya toshe ta, ya bari fata ta taso; sa'an nan ya cire, ya yi tsaga ƙanana da aska, ya sake kafawa har jini ya taru. Malamai suna kiransa hijama, kuma ya tabbata cikin ingantattun hadisai cewa an yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kuma biya mai yin ladansa. Daga nan ne masu kiyaye sunna suke zaɓar ranar 17 ko 19 ko 21 ga watan Musulunci. A shekarun nan ɗakunan hijama sun yawaita a birane, inda kofin roba da famfon hannu suka maye gurbin ƙahon sa. Duniya ma ta waiwayo shi: a wasannin Olamfik na 2016 a Birazil, mutane suka ga zagayayyun tabo a kafaɗar Michael Phelps, gwanin ninƙayar Amurka, sai jaridu suka yi ta mamakin abin da kowane yaron garin Moriki ya saba gani a bayan ubansa.

To, a nan wajibi ne a rarrabe zance. Cewa mutum yakan tashi daga gaban wanzami ya ji bayansa sakayau, wannan gaskiya ne, har bincike ya nuna sauƙin ciwon baya da na wuya na 'yan kwanaki, ko da yake hujjar ba ta yi ƙarfi ainun ba. Amma baƙin gudan da wanzami ke juyewa a ƙasa yana cewa ga mataccen jini ya fita, jini ne lafiyayye wanda ya daskare don ya bar jijiya, kuma haka na kowa zai yi. Ƙaho ba ya warkar da hawan jini, ba ya warkar da ciwon suga, kuma ga mace mai shayarwa ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya shanye wa jini, ɗiban jinin ƙari ne a kan rashi. Babban haɗari kuwa yana bakin aska: ƙarfe ɗaya da zai bi bayan mutum goma a yini guda yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan ya kai wa wancan, kuma shafa shi a tsumma ko tsoma shi a ruwa ba ya kashe komai. Wanzaman kirki sun gane haka, sun koma sabuwar reza ga kowane mutum. Wanda ya je ƙaho ya sayi tasa a hanya bai ci mutuncin kowa ba.

Babu wata al'ada da ta haɗa rahama da haɗari wuri guda kamar wankan jego. Mace ta haihu, musamman haihuwar fari wadda akan je goyon ciki gidan iyaye, sai a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa da girki har kwana arba'in. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, wata dattijuwa ta tsoma damin ganyen tsamiya ko na dogon-yaro ta riƙa fyaɗa mata a jiki. A ba ta kunun kanwa da farfesun ƙauri mai yaji, a wasu gidaje kuma ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, duk don kada sanyi ya shige ta. Wanda ya duba da idon basira zai ga hikima babba a ciki, domin a ƙasar da mace ba ta da hutu tun daga aure har tsufa, al'ada ta yanka mata kwana arba'in na hutawa da cin nama da kulawar uwa, abin da ƙasashe masu arziki suke ta kafa dokoki kafin su samar wa matansu. Sai dai a shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan Hausawa da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin da ake ɗora wa jiki, musamman a bazara. A Sakkwato an ba da rahoto a shekarar 2007 cewa ciwon yana samun kusan mace guda cikin kowace haihuwa ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano ya nuna cewa ba al'adar kaɗai ke da laifi ba, talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da rashin sinadarin seleniyam suna da nasu kaso. Ko ma yaya rabon laifin yake, hanya madaidaiciya ita ce a riƙe hutun da naman da kulawar, a mai da ruwan ya zama mai ɗumi, a rage kanwa ƙwarai. In kuwa mai jego ta fara kumburin ƙafa, ko haki, ko tarin da ke hana ta kwanciya sai a zaune, to kada a ce sanyi ne a ƙara wuta, asibiti za a nufa a ranar.

Sauran abubuwan jin daɗin jiki ba sa bukatar dogon bayani. Sirace da ganyen dogon-yaro da na lemun tsami yana buɗe hancin mai mura, amma ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro, kuma tukunyarsa ta ƙona yara da yawa. Turaren wuta, wanda matan Barno da Shuwa suka fi kowa gwaninta a haɗa shi, da kajiji, da ɓawon hano da ake jefawa a garwashi, suna sa ɗaki ya zama wurin da rai ke son zama, in dai an bar taga a buɗe saboda mai asma da jariri. Lalle a tafin ƙafa yana sanyaya ta a kwanakin bazara. Shayin Buzaye, da ake dafawa a ƙaramar buta a sha zagaye uku, rabin amfaninsa yana cikin jiran da ake yi masa. Zoɓo kuwa, wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka aka buga a 2010 ya nuna yana ɗan rage hawan jini, amma ba irin wanda aka cika wa sukari aka ƙulla a leda ba. Ga kuma ƙailula, ɗan barcin nan na tsakar rana wanda malamai suka so shi domin ya taimaka wa mai tsayuwar dare, wanda kuma manomi ya san daɗinsa a gindin tsamiya ba tare da ya karanta ko baƙi ɗaya ba.

Amma asalin mafakar mutanen ƙasar nan, in zuciya ta yi nauyi, ita ce ambaton Allah. Hujjar malamai a kan haka tana aya ta 28 cikin Suratur Ra'adi, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta tattara falalar surori domin masu ciwo da masu tsoro da masu naƙuda cikin Tabshirul Ikhwan a shekarar 1839. Wanda ya taɓa zama cikin da'irar wazifa bayan magariba, ko ya ji tsofaffi suna jan Dala'ilu da Ishiriniya da murya ɗaya a zauren malam, ya san yadda numfashi ke daidaita, kafaɗu su sauka, hayaniyar yini ta lafa. Wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya wallafa littafi a shekarar 1975 inda ya nuna cewa mutumin da ya zauna shiru yana maimaita kalma guda ko addu'a guda na minti goma zuwa ashirin, bugun zuciyarsa da numfashinsa sukan sauka. Wannan shi ne kuma ruhin abin da Indiyawa ke nema cikin yoga, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ranar 21 ga Yuni tun 2014. Ban kawo zancen Benson don in ƙarfafa ibada da shi ba, domin mai zikiri ba don jijiyoyinsa yake yi ba, kuma ayyuka suna bisa niyya. Na kawo shi ne don matasanmu da ke ganin hotunan masu zaman natsuwa a waya su san cewa carbin da ke hannun kakansu bai rasa wannan fa'ida ba.

Rubutun sha da tofi da ruƙiyya suna nan a kowace unguwa, laya kuwa ta zama abin saɓani tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a shekarar 1978, kuma ba aikin wannan littafi ba ne ya yi hukunci tsakanin malamai. Abin da ya shafe mu shi ne aikin hannu. Malamin da ya zaunar da mai damuwa, ya saurare shi har ya gama, ya karanta masa abin da ya sauwaƙa, sa'an nan ya ce masa, "Ɗana, wannan kam a haɗa da asibiti," ya cika amanar ilmi. Wanda kuwa ya ɗauki bulala ya hau dukan yarinya mai farfaɗiya da sunan fitar da aljani, ko ya ɗaure mai taɓin hankali da mari, kamar yadda aka gani a gidajen da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Katsina a shekarar 2019, wannan zalunci ne ko da wane suna aka kira shi.

Akwai kuma maganin da ba a shafawa ba a sha, shi ne kiɗa da hira. Ƙasar nan ce ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Kassu Zurmi mai garaya, kuma har yau direban da ya taso daga Ƙaura da asuba yakan sa muryar ɗayansu ya ji hanya ta gajarce masa. Bori, wanda a da yake tara matan da kishi da rashin haihuwa da kulle suka ƙuntata wa, ya ja da baya ƙwarai, balle bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999. Amma bukatar da ke kai mata can, watau wurin da za a faɗi abin da ke ci a rai a kuma saurara, ba ta tafi ko'ina ba, yanzu makarantun Islamiyya na matan aure da gidajen biki da na suna ne ke ɗauke da ita. Dandali da tatsuniya da majalisar dattawa a ƙofar gida bayan isha'i duk suna cikin wannan babi.

Su ne kuwa abin da fitinar 'yan bindiga ta fara cinyewa. Ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya dandali. Mutumin da ya gudo daga gonarsa ya tare a makarantar firamare a Zurmi ko Shinkafi ya rabu da inuwar da yake ƙailula, da maƙwabcin da yake hira da shi, wani lokaci har da tsohuwar da za ta yi wa matarsa wankan jego. A watan Satumba na 2021, da gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta kuma katse layukan waya a jihar, hatta gaisuwar da ɗa ke yi wa uwarsa daga nesa ta yanke na wani lokaci. Cikin wannan giɓi ne mai tallan ƙwayoyi ya shigo da abin da ake kira haɗin gajiya, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙullin leda ba suna ba awo, galibi masu kashe zafin ciwo ne waɗanda yawan shansu ke ƙwarzane tumbi ya lalata ƙoda. Ga tiramol, ga kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi cikin maganin tari a watan Mayu na 2018. Saurayin da ya fara sha don ya ƙara kunya goma a gona, bayan shekara ba ya iya riƙe fartanya sai da ita.

Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, waɗanda suka shafe shekaru suna aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, yaran da tamowa ta kama suka fi gani, amma a bayan kowane yaro akwai uwar da ta ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Irin wannan mace, in ta yi wata guda ko fiye ba ta barci, tana firgita da ƙarar babur, abinci ya fita ranta, tana kuka ba dalili ko tana cewa gara ta mutu, to abin ya wuce gajiya, ya wuce abin da man kaɗanya da turare za su ɗauke. Ciwo ne sananne mai magani, ana duba shi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. A ci gaba da yi mata tausa, a ci gaba da tofi, a zauna da ita da dare kada a bar ta ita kaɗai, amma wani daga cikin 'yan'uwanta maza ya nemi kuɗin mota ya raka ta, ya kuma riƙe katin asibitin a wurinsa domin ranar komawa.